Bulon da ɗalibata ta ƙi

Shekara 27 ke nan ina riƙe da alli, goma daga ciki ina darektan wata lakwal ta firamare a wani gari na jihar Maraɗi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, wasunsu ma sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Kuma in aka zo rabon gaskiya a cikin labarin, kason da zai faɗo mini ba shi da yawa.

Duk malamin da ya yi aiki a karkara ya san ajin zana. Ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, don haka yaran da rabonsu ya faɗa can ba su fara karatu sosai sai Nuwamba. Hunturu ya zo ya cika musu ido da ƙura, awaki su ci bango, iskar farkon damina ta kwashe rufin, shekara ta ƙare ke nan ko an gama manhaja ko ba a gama ba. Azuzuwa takwas gare mu a lokacin, uku na siminti, biyar na zana. Mun saba da haka har muka daina ganinsa a matsayin matsala, sai da 2021 ta zo. A watan Afirilu gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba abin ya zo mana gida, cikin garin Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi cikin ƴan mintoci. A lokacin ne muka riƙa jin hukumomi da bakinsu suna cewa akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a faɗin ƙasa. Tun daga ranar na hana masu tuyar ƙosai zama jikin dangarmu, kuma ko hayaƙin shara na shaƙa daga nesa sai na bar ofis na zagaya.

Saboda haka za ku gane irin murnar da na yi da aka ce an ba mu azuzuwa uku na siminti, da ofis, da ma'aji, da makewayi. Wa'adin wata biyar ne, daga farkon Mayu na 2022 zuwa ƙarshen Satumba, a buɗe su tare da komawa lakwal a Oktoba. Ɗan kwangilar ya zo sau ɗaya cikin babbar mota, ya sha hannu da mai gari, ya ce wanda zai tsaya kan aikin yana nan zuwa ranar Litinin.

Ranar Litinin, bayan ƙaramar salla da ƴan kwanaki, sai ga wata mata a kan babur, hijabi har gwiwa, ta ɗora hular kwano a kansa, da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, da takalma masu nauyi. Na ɗauka ma'aikaciyar wata ƙungiya ce ta zo ƙirgar yara. Ta kafe babur, ta zo ta durƙusa har ƙasa.

"Mushe, ina kwana? Ba ka gane ni ba ko?"

Sai da ta faɗi sunan mahaifinta na gane ta. Ɗalibata ce a ajin CM2, a wata lakwal da na koyar kafin a kawo ni nan. Yarinyar da ke zama a benci na biyu, wadda in na rubuta lissafi a allo kafin in karkaɗe hannuna ta ɗaga allonta. Na yi murna, na sa mata albarka, amma a cikin raina wani abu ya tsaya mini, don na tuna wata magana da na so a ce na manta.

Shekarar da ta ci jarabawar BEPC, mahaifinta ya biyo ni har gida bayan la'asar. Ya ce yarinyar ta kafe sai lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, sashen gini, shi kuma bai san kan abin ba, ya zo neman shawarar malaminta. Ban yi dogon tunani ba. Na ce masa: "Malam, gini aikin ƙarti ne. Ka sa ta makarantar horon malamai, ko ta koyon aikin jinya. Shekara biyu ko uku ta fito ta kama albashi, ta yi aurenta cikin mutunci. Wa zai auri macen da ke yini cikin leburori?" Ya yi godiya ya tafi da niyyar bin maganata. Daga baya na ji uwar ce ta ƙi. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, ba ta taɓa zama a benci ba, amma ta ce tunda yarinyar ta ci da kanta, a bar ta ta je inda take so, kuma akwai ƙanwarta a Maraɗi da za ta riƙe ta. Haka ta yi lise, ta ci bak, ta shiga sashen gine-gine na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ta fito ta yi ƴan shekaru tana bin wasu a baya kafin a fara ba ta shantiye ita kaɗai. Ban sani ba ko mahaifin ya taɓa gaya mata abin da na ce. Ita dai ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba sai yau da nake rubuta shi.

Tagar ofishina tana kallon filin aikin, don haka na yi watanni ina kallon sana'ar da na yanke wa hukunci ban san ta ba. Ban taɓa ganin ta ɗauki kwanon kankare a ka ba. Abin da ke hannunta kullum littafi ne, da bik, da mita, da waya. A bangon ɗakin da muka ara musu suka mai da shi ma'aji ta manna wata doguwar takarda mai layi-layi: wane aiki ne zai fara, kwana nawa zai ci, wanne ne ba ya yiwuwa sai an gama wanne. Ta bayyana mini cewa duk dabarar tana ga a ɗora rufi kafin ruwan Agusta, kuma a ci ƙarfin aikin kafin shuka, don ta san ranar da aka kwana da ruwa babu leburan da zai zo, kowa gonarsa zai nufa. Ta san ranar da motar siminti za ta taso, ta san amalanke nawa na ruwa ake buƙata a yini, ta san mai ƙarfe ba zai zo ba sai an aika masa kuɗin mota, don haka ta aika tun kafin ya tambaya. Ranar Asabar ta zauna da jerin sunaye ta biya kowa, a sa hannu ko a dangwala.

Abin da ya fara ba magina mamaki shi ne ta ce makewayi za a fara ginawa. Suka ce ba a taɓa yi ba, makewayi shi ne na ƙarshe. Ta ce to yau za a yi. Ni ma ban gane ba sai da wata malamarmu ta ce mini: "Mushe, kai namiji ne, in ta matsa maka ka zagaya bayan danga. Ita fa?" Kuma albarkacin wannan ƴan matanmu na CM suka samu wurin zagayawa wata shida kafin azuzuwan.

Na koyi abubuwa daga bakin taga. Na ga ta zuba yashi a kwalba, ta cika da ruwa, ta girgiza, ta ajiye, bayan ya kwanta ta nuna wa mai kawo yashin kaurin laka da ta taru a sama, ta ce ya canza wurin ɗiba. Na ji tana cewa kankaren ginshiƙi buhu bakwai na siminti yake ci a kowace mita kubik, wato kilo 350, ba shida ba, ba shida da rabi ba. Na ga ta sa ana ɗaura ƴan guntayen siminti a jikin ƙarfe kafin a rufe katako, don kankare ya lulluɓe ƙarfen ta ko'ina, in ba haka ba damshi ya same shi ya yi tsatsa ya fasa ginshiƙin daga ciki. Zubi kuwa da sassafe take sa a yi, kafin rana ta buɗe, sannan a riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda. Ta ce siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake yi da ruwa ya yi ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Shekara nawa ina ganin ana zuba wa sabon gini ruwa, ina ɗauka don kar ya tsage ne kawai.

Ma'aikatan suna ce mata Madam. Ita kuma duk wanda ya girme ta Baba take ce masa, ko Kawu, ta gaishe shi da kyau kafin ta ce komi. Makon farko sun riƙa gwada ta. In ta ba da umurni sai su dubi babban magini su ga ko ya yarda. Ba ta yi faɗa ba. Wata rana dai ta auna kusurwar tushe da mita, uku nan, huɗu can, tsakani ya kamata ya ba da biyar, bai ba da ba, ta sa aka cire igiya aka sake ja. Babban maginin ya auna da kansa ya ga haka ne. Daga ranar kallon ya ragu.

A farkon Yuni aka kira ta wani shantiyen kamfaninsu a wata gunduma, ta yi kwana takwas. Kafin ta tafi ta tsaya a kan bulo 300 na farko, ta nuna awon da take so, ta bar wa mai ma'aji umurnin ya fitar da buhu 45 a buga sauran 1,500. Mai buga bulon dattijo ne ɗan garin, kuma ƙanen wani babba ne a kwamitin iyayen yara. Da ta dawo bulo na nan jere reras, gwanin sha'awa, ni har na fara lissafin ranar da bango zai kai taga.

Ina tsaye a wurin lokacin da ta zagaya su. Ta karce ɗaya da ƙusa, gari ya zubo. Ta ce, "Baba, don Allah zo ka gani." Ta ɗaga bulo zuwa ƙirjinta ta sake shi, ya watse kamar dunƙulen fura. Ta ɗauki na biyu daga wani layi, haka. Na uku, haka. Sannan ta je ta ɗauko ɗaya daga cikin 300 na farko ta sake shi, gefensa kawai ya ɓantare. Dattijon ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji: "Tun ba a haife ki ba nake buga bulo." Ta ce: "Gaskiya ne, Baba. Shi ya sa na san ka fi ni sanin wannan bai yi ba."

Ba ta ƙara ko kalma a gaban mutane ba. Ta ja shi bayan ma'aji, ni kuma ta roƙe ni in zo in zama shaida. Tun farkon aiki ta kafa dokar a riƙa maido mata da buhunan da aka juye. Littafin ma'aji ya nuna buhu 45 sun fita. Buhunan wofi 30 ne. Bulo 1,500 a buhu 45, kowane buhu ya ba da 33 ke nan, abin da ta nema. Bulo 1,500 a buhu 30, kowane buhu an ja shi ya ba da 50. Buhu 15 sun bi iska, kuma ko shayarwar ba a yi yadda ya kamata ba. Ina tsaye ina jin ta, sai na ga lissafin CM2 ne tsantsa, irin wanda nake rubuta musu a allo ranar Talata da safe, sai dai wannan karon amsar tana da mai ita, yana tsaye gabanmu yana kallon ƙasa.

Ta ce ba za a ɗora ko ɗaya a bango ba.

A nan ne nawa laifin ya shigo. Na yi lissafina ni ma. A sake bugawa, a shayar, a jira su yi ƙwari, kusan wata guda ya tafi. Ruwan shuka yana bakin ƙofa. In leburori suka watse, bango ba zai tashi ba sai bayan noma, rufi ba zai hau ba kafin Agusta, Oktoba kuwa ta kuɓuce. Ma'ana in sake kafa zana in zuba yara a ciki. Da magariba na je gidan malamar da ta sauke ta, na same ta a tabarma tana cika littafinta da fitilar waya. Na ce: "Ɗiyata, ki sassauta. Ba bene ake ginawa ba. Ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyi, ke da bakinki kika faɗa mini. A sa su a bangon tsakiya, in aka yi shafe wa zai gani? Kin san abin da ya faru a Maraɗi. Bulo mara ƙwari ya fi kara."

Ta yi shiru, har na ɗauka na ci nasara. Sannan ta ce: "Mushe, wallahi na san abin da kake tsoro, ni ma ina tsoronsa. Amma bulon nan in ya sha damina biyu zai fara zubewa daga ƙasa, ƙofa da taga ba za su riƙe a jikinsa ba. Ajin nan shekara talatin ko arba'in ake so ya yi, kuma ba za a sake ba ku wani ba. Sannan sa hannuna ne a takarda. Ranar da bangon ya tsage ba wanda zai tuna da mai bulo. Cewa za a yi mace aka ba."

Na fita raina a ɓace. Har na ce a zuciyata ga irin abin da na guda tun farko, yarinya ta yi boko ta fi ƙarfin malaminta.

Kwana biyu bayan haka kwamiti ya zauna. Maganganu suka fito waɗanda ba zan maimaita su duka ba. An ce girman kai gare ta. An ce ta tozarta dattijo. Wani ya ce ai ba banza ba ɗan kwangila ya ba mace wannan matsayi, kowa ya gane inda ya dosa, kuma matar aure ce da ɗa guda. Aka yanke a rubuta wa magajin gari a nemi a canzo namiji, kuma tunda ni ne mai Faransanci, ni aka ɗora wa rubutun. Na rubuta. Ina faɗa ne don kar wani ya ɗauka ni ne na tsaya mata. Na rubuta wasiƙar da kyau, da duk gaisuwar da ake yi wa manya, na sa a aljihun tebur in kai ranar kasuwa.

Wadda ta hana ni kaiwa shugabar ƙungiyar uwaye mata ce, tsohuwa mai jikoki huɗu a lakwal ɗinmu. Ta shigo ofis ba sallamar kirki, da guntun bulo ƙunshe a gefen zanenta. Ta ajiye a kan teburina, ta murje shi da babban yatsa har ya zama gari a kan rajistar yara. Ta ce: "Mushe, ɗiyan wa za su zauna ciki?" Sannan ta ce wai ana faɗin mace ba ta san gini ba, to ɗakin da aka haife ni wa ya yi masa daɓe? Wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar? Ta ce a zamaninsu in za a yi daɓe, mata ke taruwa da madaɓai, kuma akwai babba a cikinsu wadda in ta taka ta ce bai yi ba, sai an sake, ko ɗakin amaryar sarki ne. Ta karkaɗe zanenta ta fita. Na daɗe ina kallon garin simintin, wanda yashi ya fi yawa a cikinsa. Wasiƙar tana nan har yau a aljihun teburin, ban kai ba, ban kuma yaga ba.

Ta ɓangaren kamfani ma ba ta sha da daɗi ba. Ina jin muryar maigidanta ta cikin waya daga inda nake zaune. Ta bar shi ya gama, ta tura masa hotuna, ta tuna masa cewa mai sa ido na hukuma zai zo, in ya ƙi bangon bayan an gina, rushewa da sake ginawa sun fi bulo tsada. Ta kuma tuna masa da kason da ake riƙewa daga kuɗin kwangila, galibi 5 cikin 100, wanda ba a sakinsa sai ginin ya shekara an dawo an duba. A ƙarshe aka daidaita: dattijon ya sake bugawa ba ladan hannu, ba a kai shi ko'ina ba. Wata safiya aka tarar da buhu tara a ƙofar ma'aji, ba wanda ya tambayi daga ina. Bulon da aka ƙi kuwa aka farfasa aka yi cikon ƙasan azuzuwan da shi.

Abin da na ji tsoro ya faru. Ruwa ya sauka, leburori suka watse, aikin ya ja. A Nuwamba muka sake kafa zana, yara suka yi mako bakwai a ciki, kuma ban yi barcin kirki ba a makonnin nan. Na sa bokitan yashi a bakin kowace rumfa, na buɗe wa kowace ƙofa biyu. Allah ya tsare. A Janairun 2023 muka shiga sababbin azuzuwa. Ba zan ce muku lokacin na daina jin haushinta gaba ɗaya ba. Da wani abu ya faru a makonnin nan bakwai, ban san da wane ido zan dubi shawararta ba, kuma na tabbata ita ma ta kwana da wannan tunanin. Aikin ke nan: kowace rana sai ka zaɓa tsakanin lokaci da kuɗi da inganci, kuma duk wanda ka zaɓa akwai mai jin ciwo.

Wannan ne abin da ban sani ba ranar da mahaifinta ya zo gidana. Mu iyaye, har da mu malamai, in aka ce gini abin da muke gani shi ne mutum a kan tsani da cokalin gini. Ba mu rarrabe magini da mai zanen gini, da injiniyan da ke lissafin ƙarfe, da mai tafiyar da aikin gaba ɗaya. Wasunmu sun ji labarin Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan, wadda ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin Dandaji a jihar Tawa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, aka gama a 2018, duniya ta yi ta magana. Ita mai zane ce. Amma tsakanin zane a takarda da ɗakin da yaro zai zauna ciki akwai wani mutum da ba a sa hotonsa a jarida, mai ƙirga buhu, mai tsara kwanaki, mai rubuta rahoto, mai iya cewa dattijo a sake ba tare da ya zubar masa da mutunci ba. Kayan aikinsa lissafi ne, da rubutu, da riƙon amana, da sanin yadda ake magana da mutane. A cikin waɗannan wanne ne muka taɓa cewa ƴan mata ba su iya ba? A gidajenmu wa muke ba ajiyar kuɗin adashi?

Ba na so in yi wa iyaye zaƙin baki, don tsoronsu ba na banza ba ne. Na tambaye ta, ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Su huɗu ne mata a ajinsu na lise, biyu kaɗai ke cikin sana'ar yanzu. Akwai kamfanin da ya sallame ta da cikinta ya fito, ba a ce don shi ba ne, an dai ce aiki ya yi ƙasa. In ta je neman aiki tambayar farko ita ce ko mijinta zai bar ta ta kwana a daji. Shantiye ba ya zuwa inda kake, kai ke bin sa, yau Dakwaro, gobe Tasawa, jibi wani ƙauyen da ko layin waya babu. Duk garin da ta sauka sai ta nemi gidan mutunci, gidan malama ko na ungozoma, don ta san bakin mutane. Ɗanta yana wurin kakarsa Litinin zuwa Juma'a. Albashi kuma ba kamar na gwamnati ba ne, in kamfani bai samu kwangila ba zama ake yi. Ta ce da ba don mijinta mutum ne mai fahimta ba, da uwar da ta tsaya mata, da tuni ta koma sayar da atamfa a waya kamar sauran. Waɗannan duka gaskiya ne. Sai dai na lura ba ɗaya daga cikinsu da na ambata wa mahaifinta. Ni abin da na ce kawai shi ne wa zai aure ta.

Kuma ban tsaya ga wannan rana ɗaya ba. Da na koma na duba tsofaffin kayena na shirin darasi, duk lissafin da na ƙirƙira mai magini, ko fili, ko buhun siminti, sunan namiji ne a ciki. Mace ba ta fitowa sai za a sayi tumatir ko yadin atamfa. In za a auna filin wasa da igiya, maza nake kira, ƴan mata su yi shara. A kolej kuwa abokan aikinmu sun san yadda ake yi in lokacin zaɓen sashe ya zo: yarinya mai maki a lissafi a ce mata sashen adabi ya fi sauƙi, kar ta wahalar da kanta. Da yawa daga cikin iyaye ba su ma san akwai lise teknik ba, balle su san daga can ana iya wucewa jami'ar Maraɗi ko makarantar EMIG ta Yamai, ko a tsaya a matakin ƙwararren ma'aikaci a fara aiki. Wanda ya kamata ya faɗa musu shi ne malamin da suke biyowa gida bayan la'asar.

Da ginin ya shekara suka dawo dubawa ta ƙarshe, ita da mai sa ido da wakilin magajin gari. Ta bi bango tana ƙwanƙwasawa da mabuɗin babur, ta buɗe kowace taga ta rufe, ta sa aka canza makullin ƙofa ɗaya da yara suka lalata, ko da yake ba laifin kamfani ba ne. Dattijon mai bulo ya zo ya tsaya daga nesa. Ta je ta gaishe shi, ta tambaye shi ko yana da hali, akwai wani aiki a garin da ke gaba.

A ranar ɗiyata ta uku tana wurin, ta kawo mini abinci. Ta ga komi. Bana tana ajin ƙarshe na kolej, kuma tun farkon shekara ta ce mini lise teknik take so, sashen gini. Uwarta ta ce sam, ba ta haifi ɗiya don ta yi baƙi a rana ba. Yayana ya aiko mini da saƙo cewa in yi hankali, kusan kalma da kalma irin abin da na faɗa wa wancan bawan Allah. A hutun Disamba na kira ɗalibata na roƙe ta ta ɗauki yarinyar kwana uku, ta nuna mata aikin yadda yake, kar ta ɓoye mata komi. Ta ce: "To, Mushe. Amma ƙarfe shida muke fita, kuma ta zo da takalmi rufaffe."

Ta dawo da ƙura har cikin gira, da ƙaramin littafi cike da lambobi, ta kwanta tun kafin isha'i. Da safe na tambaye ta ko ta canza ra'ayi, ta ce a'a, sai dai ta gane Faransancinta ma sai ta gyara, don rahoto ake rubutawa kullum. Uwarta har yanzu ba ta ce ta yarda ba. Abin da ta ce na ƙarshe shi ne, in har za a yi, ba za ta zauna gidan kowa a Maraɗi ba sai gidan gwaggonta, kuma ni zan je in yi wa gwaggon magana da bakina. Na ce ranar Asabar zan shiga mota.